Walimar sabuwar shekarar Sinawa a wani gidan abinci a Jidda: aikin fulawa ya yi, kifi kuwa sai da sharaɗi

A arewacin Jidda akwai wani gidan abincin Sinawa da ke shirya walima ta musamman a daren jajibirin sabuwar shekararsu, wadda suke kira bikin bazara. Teburi na mutum goma ne, abinci kala goma, kuma sai an kama wuri tun da sauran kwanaki an bar kafin alƙalami. Masu kicin ɗin 'yan arewacin Sin ne, hannunsu kuma ya nuna. Duk abin da aka yi da fulawa yana fita yadda ya kamata. Turara kifi da sarrafa shinkafa mai danƙo, waɗanda sana'ar mutanen kudu ce, a nan ƙafarsu take rawa. Wanda ya san haka kafin ya kama teburi zai fita kunyar baƙinsa.

'Yan uwanmu masu hulɗa da Sinawa a nan Saudiyya ba kaɗan ba ne. Akwai direbobi da tafintoci a kamfanonin gine-gine, akwai masu aiki a Yanbu inda kamfanonin mai na Aramco da Sinopec suka haɗa hannu a matatar mai ta Yasref, ga kuma 'yan kasuwa masu sauke kayan Guwanzo da Yiwu a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Basinen da aiki ya riƙe a Saudiyya a wannan dare yana cikin kewar gida sosai, domin a can wannan ne abincin da mutum ke ƙetare ƙasa guda don ya ci tare da iyayensa. Idan Alhaji yana son karrama abokin cinikinsa, babu daren da ya kai wannan. Tunda kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, mutanen Makka ma Jidda suke saukowa su tarbi baƙonsu.

Ranar ba ta tsaye a kalandar Miladiyya, tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, a 2027 za ta kama 6 ga Fabrairu, a 2028 kuma 26 ga Janairu. Walimar ana yin ta ne a daren da ya gabaci ranar. Su ma da wata suke lissafi, sai dai duk bayan shekara biyu ko uku suna ƙara wata guda don bikin kada ya bar lokacin sanyi. Daga 2026 zuwa 2028 watansu na farko ya haɗu da Ramadan, don haka walimar tana faɗowa a ƙarshen Sha'aban, yawancin kwana 15 da ake yi ana shagalin kuma cikin azumi. Mai niyyar gayyata ya yi ta a daren jajibirin, kada ya ce sai an kwana biyu.

Gidan yana zama biyu a daren, ɗaya bayan Magariba, ɗaya bayan Isha. A kama na farko. Bejin tana gaban Jidda da awa 5, wato ƙarfe 7 na yamma a nan shi ne sha biyun dare a can. Shirin talabijin na sabuwar shekara da gidan CCTV ke yi tun 1983 yana farawa ƙarfe 3 na rana agogonmu, kuma gidan yana kunna shi a babban allo. Da bakwai ta buga za ka ga kowane Basine ya ɗaga waya, ana gaisawa da tsofaffi ta bidiyo, wani ya juya wayar ya nuna wa mahaifiyarsa teburin. Wannan yana cin kwata guda ko fiye. Matsalar ita ce kicin ba ya lura da wannan, sai ya turo kifi daidai lokacin, kifin ya huce a kan teburi ba wanda ya taɓa. Tun wajen kama wuri a gaya musu a fara da abinci mai sanyi, kifi kada ya fito sai bakwai da kwata.

Kala goman su ne yankakken naman sa mai sanyi, kokwamba da tafarnuwa, kifi, kaza, haƙarƙarin rago, jatan lande, ganye, jiaozi, taliya, da niangao, wato wainar shinkafa mai danƙo. Idan akwai wanda ba ka so, musanya shi za ka yi da wani, kada ka cire kawai, domin a teburin biki ana son adadin ya zama cika: 6, 8 ko 10. Huɗu kuwa ana gudunsa, saboda furucinsa ya yi kusa da na mutuwa a harshensu.

Jiaozi shi ne abin da ya sa gidan nan ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya saba cin mantu a Hijaz ya san danginsa: ƙullin fulawa ne da nama a ciki, sai dai wannan a ruwa ake dafa shi, fatarsa ta fi kauri, kuma an naɗe shi kamar dunƙulen azurfar da Sinawa ke ciniki da ita a da, shi ya sa mutanen arewa ba sa shiga sabuwar shekara sai da shi. A nan da hannu ake murza fatar, kana iya ganin masu yi ta gilashin kicin. Ma'aunin da aka sani shi ne fulawa giram 500, ruwan sanyi mililita 250, gishiri rabin ƙaramin cokali. A murza, a rufe, a bar shi ya huta aƙalla rabin awa. Kowace fata giram 10 ce, wato wannan kwaɓin zai ba da kusan 75. Mai murzawa yana riƙe ƙullin da hannun hagu yana juya shi, sandar tana shiga daga baki ta tsaya kafin tsakiya, sai tsakiyar ta fi baki kauri. Dalilin a fili yake: tsakiya ce ke ɗaukar nauyin nama, baki kuma ninka shi za a yi, idan ya yi kauri sai ya zama danƙo a baki. Fatar inji kaurinta ɗaya ne ko'ina, shi ya sa take ɓarkewa ta ƙasa.

Cikin iri biyu ne, rago da karas, ko naman sa da albasa. Na ragon ya fi. Idan ka ciza, romo ne ke fara zubowa, kuma wannan ba kitse kaɗai ke kawo shi ba. Ana jiƙa barkonon Sichuwan, wanda dangin fasaƙwari ne, a ruwan zafi, a tace, a bar shi ya huce, sannan a zuba kimanin mililita 120 a kan niƙaƙƙen nama giram 500, kashi uku, ana juyawa ta gefe guda har naman ya shanye ya yi danƙo. Wanda ya juya gaba da baya, ruwan zai dawo ya kwanta a ƙasan kwano, ya jiƙa fata. Karas kuma sai an ɗan soya shi a mai kafin a haɗa, lawashi da man riɗi su ne na ƙarshe. Naman yana bukatar kitse kamar kashi ɗaya cikin biyar, in ba haka ba ciki zai dunƙule ya bushe. Suna kawo 60 a teburi, shida ga kowa, tare da baƙin ruwan khal da man barkono. Idan baƙinka 'yan arewa ne, daga Shandong ko Hebei ko Bejin, shida ba za ta ishe su ba, ƙara faranti tun farko.

A gidajensu akan ɓoye kwabo a cikin guda ɗaya, wanda ya same shi a ce shekararsa ta yi kyau. Gidan nan gyaɗa yake sakawa a maimakon kwabo, kuma ya kyauta, don haƙorin tsoho ba abin wasa ba ne.

Sai kifi, inda ya kamata mai gayya ya sa ido. Ba a yin wannan walima ba kifi, domin sunansa a harshensu furuci ɗaya ne da rara, kuma fatan kowa shi ne shekara ta ƙare da rara. Dole ya zo ɗungurungum, da kai da wutsiya. Jidda kuwa Allah ya hore mata kifi: najil na Bahar Maliya, mai jan jiki da ɗigo-ɗigo shuɗi, yana cikin kifayen da Sinawa ke biyan kuɗi mai yawa a kansu a can gida, ga shi ja, launin bikin. Hamur ma ya yi. Ka nemi a nuna maka kifin kafin a dafa. Ido ya zama garau, cikin kunnensa ja, idan ka danna jiki ya dawo. Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da can, domin a Sin ana kashe ƙarni da giyar shinkafa ta girki, a Saudiyya kuwa babu ita, citta da lawashi kaɗai kuku ke da su. Kifin da ya kwana biyu ba abin da zai rufa masa asiri.

Kifi mai giram 700 zuwa 800 minti 8 zuwa 10 yake bukata a madambaci, kuma sai ruwa ya tafasa sosai kafin a saka shi. Ana ɗora shi a kan sandunan lawashi don tururi ya ratsa ta ƙasa. Idan ya fito, ruwan da ya taru a farantin zubar da shi ake yi, shi ne matattarar ƙarni. Sannan a baza siraran citta da lawashi a kai, a kwara mai mai zafi har ka ji ya yi ƙara, a zuba soya sos ta gefen faranti, ba a kan kifin ba. A zaman farko gidan yana yin duk wannan daidai, tsokar tana rabuwa da ƙaya da taɓawa ɗaya. A zama na biyu, lokacin da oda ta yi yawa, ana turara kifaye da dama tun da wuri a ajiye, a sake ɗumamawa. Alamar ba ta ɓuya: tsoka ta yi tauri ta yi zare-zare, fata ta tsage, ruwan farantin ya yi fari-fari. Akwai kuma wani kuskuren da mai gayya ke jawo wa kansa. Don a burge baƙo sai a zaɓi ƙaton kifi mai kilo ɗaya da rabi. Kafin cikinsa ya nuna, wajen ya wuce. Madaidaita biyu sun fi, kuma biyu adadi ne da ake so.

Ladabin kifin ma'aikatan da ke kai abinci ba duka suka san shi ba, don yawancinsu ba Sinawa ba ne. Kan kifin yana fuskantar babban baƙo ko wanda ya fi kowa shekaru, shi ne kuma ke fara ɗiba. Idan an ajiye ba daidai ba, juya gilashin teburin a hankali har kan ya daidaita da shi. In an cinye gefen sama ba a kifar da kifin, ƙayar tsakiya ake ɗagewa a ci na ƙasa, musamman a wurin mutanen bakin teku da ke ganin kifar da shi kamar kifewar jirgi ne. Ba a kuma cinye shi tas, ana barin kai da wutsiya da ɗan tsoka, rarar ke nan. Ma'aikaci zai zo da sauri ya ɗauke farantin, ka ce masa ya bari har a tashi.

Kazar tana zuwa da kanta da ƙafafunta, an yanka an sake jera ta kamar ba a taɓa ba. Irin dafuwar mutanen lardin Guwandon na kudancin Sin ce: a ruwan da bai kai ga tafasa sosai ba, sannan a tsoma ta a ruwan ƙanƙara don fata ta yi santsi. Jikin ƙashi yakan fito ja-ja. Ɓargo ne, naman ya nuna, amma mutanenmu da yawa ba za su kai hannu ba, kuma ba laifinsu ba ne. A nemi a dafa ta cikin soya sos har ta yi laushi, ita ma ɗungurungum. Suna yi idan an faɗa da wuri. Haƙarƙarin rago da aka sa wa kayan ƙamshin kamun ba shi da abin cewa, shi ne ke fara ƙarewa a teburin da Hausawa suka fi yawa. Jatan lande da ganye madaidaita ne.

Taliyar da hannu ake ja, irin ta Lanzhou da Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui suka shahara da ita. Kowane ninki yana ruɓanya zare, ninki 7 ya ba da zare 128. Tsawonta fatan tsawon rai ne, saboda haka ba a yanka ta da cokali ko wuƙa. A ci da zafinta, minti biyar a cikin romo ya isa ta kumbura.

Niangao ne abin da ya fi ba da haushi, domin abu ne mai sauƙi da gaggawa ta ɓata. Waina ce ta garin shinkafa mai danƙo da jan sukari: gari giram 400, sukari giram 300, ruwa kimanin mililita 350, a turara awa guda ko fiye. Ranar da aka yi ta ba ta yankuwa, sai ta kwana biyu a firij ta yi ƙarfi. Sannan a yanka kaurin santimita ɗaya, a tsoma a ƙwai, a soya a wuta ƙasa-ƙasa minti biyu zuwa uku kowane gefe, har ciki ya narke ya riƙa jan zare. Kicin ɗin nan a kan wutar da suke suyar nama suke jefa ta. Ƙwan ya ƙone, sukarin ya yi ɗaci a baki-baki, tsakiya tana nan da taurinta. Baƙon da ya fito daga Guwanzo ko Shanghai zai ɗauki yanka ɗaya don al'ada, ya ajiye sauran. A roƙi kuku ya soya ta a kasko daban, ko da za ta makara. A kuma yanka wa yara da tsofaffi ƙanana-ƙanana, tana maƙalewa a maƙogwaro.

A ƙarshe akwai lemun yusufi da tangyuan, ƙananan dunƙulen shinkafa masu baƙin riɗi a ciki, waɗanda asalinsu na daren 15 ga wata ne, daren fitilu. Na gidan da man girki aka yi su. Inda za a yi hattara shi ne wanda aboki ya ɗauko a jakarsa daga gida ya ba ka kyauta, don a girkin gargajiya da kitsen alade ake haɗa riɗin, haka ma wasu nau'o'in niangao na yankin Suzhou. Ka tambaye shi kai tsaye, ba zai ji haushi ba.

Wajen ado sun yi ƙoƙari. Jajayen fitilu a rufi, dogayen jajayen takardu biyu masu baitocin fatan alheri a gefen ƙofa da gajeriya a sama. Za ka ga harafin fu, mai nufin albarka, an manna shi a kife a bangon ciki. Da gangan ne, kada ka gyara musu. Abin wasan wuta kuwa, wanda a can ake cika gari da ƙararsa, babu shi a nan.

Kowane teburi ana ba shi jajayen ambulan babu komai a ciki, kuma mutanenmu sukan rasa yadda za su yi da su. Babba ne ke ba yaro, mai gida ke ba ma'aikaci. Ba ka miƙa wa shugabanka a wurin aiki, amma kana iya ba 'ya'yansa. A sa sabbin takardun kuɗi, ba tsaba ba, adadi kamar riyal 60, 80, 100 ko 200, a guji 40 da 400. Da hannu biyu ake bayarwa, da hannu biyu ake karɓa, kuma ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Farin ambulan na gaisuwar mutuwa ne a wurinsu, kada a kuskura. Idan tsaraba za ka riƙe, kwalin dabinon Ajwa ko Sukkari a jar leda ko mai ruwan zinariya ya wadatar. Ban da agogo, ban da wuƙa, ban da laima.

Babu giya a teburin, kuma ba a rasa komai ba, domin su kansu suna da al'adar ɗaga kofin shayi a madadinta. Idan za ku haɗa kofi da wanda ya girme ka, bakin naka ya zama ƙasa da nasa. Wanda bai iya tsinken cin abinci ba ya nemi cokali, ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya dai, kada a soke tsinken a tsaye cikin shinkafa, don haka ake kafa turaren wuta wa mamaci.

Wannan ya kai mu ga abin da kowane Musulmi zai so ya sani. A gidajen Sinawa da dama bikin yana da ɓangaren bauta: ajiye wa kakanni abinci, ƙona turare, manna hotunan gumakan ƙofa da na murhu. A gidan abincin nan babu ko ɗaya daga ciki, cin abinci ne da gaisuwa, akwai kuma wurin salla a gefe. Duk da haka malamai sun yi magana a kan halartar bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya bar kafin alƙalami. Ɗan kasuwa kuma ya sani, a al'adarsu ana biyan bashi kafin shekara ta juya, kuma ba a tambayar kuɗi a kwanakin farko. Idan akwai ragowar kuɗin kwantena a kanka, tura shi kafin walimar, maganar oda kuma a bar ta, masana'antun can ma a rufe suke.

Gidan yana kai walimar har gida, amma wannan hidimar ba mu ba kowa shawararta ba. Dafaffen jiaozi a cikin roba yana manne wa juna cikin minti ashirin, taliya ta shanye romo, kifin kuma tururin robar ya ci gaba da dafa shi a hanya. Wanda yake Makka ko yake son ci da iyalinsa ya sayi ɗanyen jiaozi daskararre, suna sayarwa da kwali. Kada a bari ya saki, daga firiza sai tukunya. Ruwa lita 3 ga guda 25, a sa gishiri kaɗan, sai ya tafasa a zuba, a tura su da bayan ludayi don kada su kama ƙasa. Idan ya sake tafasowa a zuba rabin kofin ruwan sanyi, a yi haka sau uku. Ruwan sanyin yana kwantar da tafasar don fata kada ta yage kafin naman ya nuna. In sun taso sama sun kumbura, a tsame. Wanda ya rage a shafa masa ɗan man riɗi a sa a firij, da asuba a jera a kasko da mai cokali ɗaya, a bar ƙasan ya yi ja, a zuba ruwa cokali uku a rufe minti biyu, ya isa sahur.